Fuskata a Jikin Kwalba

Waɗanda suka cika min akwatin saƙo da zagi tun makon jiya, na gani, na kuma gode. Wata ta rubuto cewa duk ’yar da ta kai ƙanin ubanta kotu ba za ta gama da duniya lafiya ba. Ban goge ba, yana nan. Roƙona kawai ku karanta wannan har ƙarshe, in da sauran zagi sai ku ƙaro. Sababbin zuwa kuma, bari in ɗan ja ku baya.

Ni nas ce, shekarata huɗu a sashen cututtukan fata. Aikina wanke ƙuna da gyambo da naɗa bandeji, kuma ina son aikina fiye da yadda nake son mutane da yawa. Mahaifina ya rasu ina aji uku na sakandare. Tun daga lokacin ni da Umma muke zaune a ɓangaren baya na gidan Baffa, ƙanin mahaifina, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida inda Umma take shanya. Baffa ɗan kasuwa ne da ba ya zama wuri ɗaya. Ya sayar da taya, ya sayar da katifa, ya yi kiwon kaji suka mutu cikin mako guda. Bana kuma ya haɗu da wani mai dama man shafawa a bayan gareji, suka ce za su mayar da matan gari farare.

Ban san komai ba sai wata Litinin da safe. Ina cire wa wata mata bandeji, kumatunta sun saɓule sun yi jawur, wuyanta dabbare-dabbare kamar an watsa mata ruwan zafi. Likita ya ce ta nuna abin da take shafawa. Ta zuge jaka ta ciro wata ƙaramar kwalba mai murfin zinari. Ta kalli kwalbar, ta kalle ni, ta sake kallon kwalbar.

“’Yar nan, ashe ke ce,” ta ce a hankali. “Ni don na ga nas a jiki na saya.”

Na karɓa na duba. Hotona biyu ne a jikin takardar. Na hagu an ƙara min baƙi, an zuba min ƙuraje a goshi da haɓa, an rubuta “Da” a ƙasa. Na dama hoton ranar da na gama makarantar koyon jinya ne, ina sanye da farin unifom da hula, an wanke ni tas har kunnena yana sheƙi, an rubuta “Yanzu”. A tsakiya da jan rubutu: “Nas ta gwada, nas ta shaida.” Ni wankan tarwaɗa ce tun haihuwa, ban taɓa shafa komai ba bayan man da Umma take saya mana tun ina yarinya. Na ƙarasa naɗa wa matar bandeji ban iya haɗa ido da ita ba.

Kafin azahar Metiron, shugabar nas-nas ɗinmu, ta kira ni ofishinta. Ba ta ce in zauna ba.

“Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar sha takwas ga wata,” ta ce. “Nas ba ta tallan magani da unifom, kin sani. Na yarda ba da saninki aka yi ba, amma yardata ba takarda ba ce. Idan kwalbar nan ta cika kasuwa kafin ranar, ba ni da bakin kare miki lasisi.”

A ƙasan takardar kwalbar, da ƙananan haruffa, akwai sunan shagon da ya buga ta. Shagon saurayina ne. Ina kiransa Mai Tawada, don duk wankin da zai yi sai ka ga shuɗi a ƙarƙashin farcensa. Shekara biyu muna tare, danginsa sun aiko sau biyu, Baffa yana cewa a dakata ya nutsu. Na ɗauki hoton kwalbar na tura masa ban rubuta komai ba. Minti ɗaya bai cika ba saƙonni suka fara shigowa.

“Kin gani? Na so in ba ki mamaki.”

“Baffa ya ce kin amince.”

“Me ya faru?”

“Ki ɗaga waya don Allah.”

Ban ɗaga ba. Da na tashi aiki na je shagon da unifom ɗina. Yana tsaye gaban injin, riga mai gajeren hannu, warin tawada da takarda mai zafi ya cika wurin. Na ajiye masa kwalbar a kan tebur na ba shi labarin matar. Ya zauna a kan kwalin takardu kamar an zare masa laka.

“Wallahi Baffa cewa ya yi kin yarda. Ya zo da hotunan daga albam ɗin Umma. Mutumin da nake neman ’yarsa, ta yaya zan ce masa sai na tambaya?”

“Ka zauna gaban kwamfuta ka yi min ƙuraje da hannunka,” na ce. “Ɗaya bayan ɗaya. Awa nawa ka ɗauka?”

Har yau wannan ne abin da ya fi ci min rai game da shi, ba farin da ya yi min ba. Farin kowa zai iya yi. Amma ƙurajen sai da ya zaɓi inda zai sa kowanne, kuma ya san fuskar nan fiye da kowa. A bakinsa na ji cewa katan kaɗan ne suka fita na gwaji, sauran kuma, waɗanda za su cika motoci, suna jibge a siton Baffa ana jiran ’yan sari ƙarshen wata.

Da yamma na shiga falon Baffa, Umma tana biye da ni tana gyara mayafi. Yana zaune a kujerarsa mai hannun katako, farar doguwar riga, carbi a hannu ɗaya, rimot a ɗayan. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya min, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni. Na roƙe shi ya cire hotona, ya kuma dakatar da man, don yana ƙona mutane. Ya bari na gama tsaf.

“Fuskar wa kika ɗauko?” ya ce. “Ba ta yayana ba ce? Hancin nan namu ne, goshin nan namu ne. Yarinyar da na riƙe tun tana aji uku, yau hotonta ya gagare ni?”

“Baffa, aikina za a kore ni.”

“Aikin wanke miki? In man nan ya karɓu, ke da kanki za ki ajiye shi. Matar da ta ƙone kuma wa ya san me ta haɗa da shi? Mata ba sa bin ƙa’ida.” Ya ƙara ƙarar talabijin, sannan ya rage. “Kuma ki riƙa tunawa, dangin yaron nan ni suke jira.”

Umma ta ce, “Alhaji, a yi haƙuri, yarinta ce.” Ta ja ni muka fita. A tsakar gida ta ce in bar wa Allah. Na ce Umma, Allah ya ba mu kotu. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta shige ɗaki.

Metiron ce ta ba ni lambar lauya. Ofishinta yana saman wani kantin magani, ɗaki ɗaya, fanka tana kuka, fayiloli ɗaure da igiya har kan taga. Mace ce siririya mai tabarau a kan hanci, ba ta da lokacin lallashi. Ta juya kwalbar da bakin biro, ta saurare ni ba ta katse ba.

“Shari’ar kanta za ta iya cin shekara,” ta ce. “Ke ba ki da shekara, kina da kwana goma sha biyu. Abin da za mu nema yanzu umarnin dakatarwa ne na gaggawa. Za mu roƙi alƙali ya hana shi sayarwa ko raba ko fitar da duk kwalbar da ke ɗauke da hotonki, har a saurari ƙara. Irin wannan ana iya nemansa ba tare da shi yana wurin ba, saboda in ya ji ƙishin-ƙishin zai kwashe kayan.”

“Alƙali zai yarda?”

“In kin gamsar da shi abu uku. Cewa kina da haƙƙi na gaske, cewa ɓarnar da za a yi miki ba ta gyaruwa da diyya, da cewa jira zai fi cutar da ke fiye da yadda dakatarwa za ta cutar da shi. Ina son takardar rantsuwarki, wasiƙar Metiron, rahoton likita ba tare da sunan matar ba. Sai kuma wanda ya gyara hoton. Zai rantse?”

Na ce ban sani ba. Gaskiyata ke nan, ban sani ba.

Na tura wa Mai Tawada saƙo a kan matattakala. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana ɓullowa tana ɓacewa. A ƙarshe ya turo: “Mamana ta ce in na sa hannu na rushe aurena da kaina.” Na rubuta: “To.” Na sa wayar a jaka. Ranar Laraba da safe ina isa harabar kotu na gan shi tsaye jikin ginshiƙi, ya sa shuɗiyar rigar da na saya masa, ya yi aski, idonsa ya faɗa. Ya rantse a gaban jami’i cewa shi ya ƙara baƙin, shi ya sa ƙurajen, shi ya yi farin, kuma bai taɓa jin amincewata daga bakina ba. Da ya sa hannu ya miƙa min biron, ya ce, “Wannan bai goge abin da na yi ba, na sani.” Na so in riƙe hannunsa, ban riƙe ba. Ina sonsa, kuma ina jin haushinsa, duka biyun a ƙirji ɗaya.

Ranar Alhamis aka kira mu. Na sa doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi, ban shafa ko hoda ba, lauya ta ce gara alƙali ya ga fatar da Allah ya ba ni. Ɗakin ƙarami ne, benci huɗu, agogon bango ya tsaya. Alƙalin dattijo ne mai furfura a gemu. Lauya ta yi magana kamar minti goma, ya karanta takardun shafi-shafi yana lasar yatsa. Sannan ya ɗaga kwalbar kusa da taga, ya dube ta, ya dube ni.

“Wanda ake ƙara mene ne naki?”

“Baffana ne, ranka ya daɗe.”

“A gidansa kike?”

“Eh, ranka ya daɗe.”

Ya sunkuya ya yi rubutu. Ya ba da umarnin na kwana bakwai, a dawo Alhamis mai zuwa a ji ɓangaren Baffa. Kafin ƙarfe ɗaya an buga takardar an danna mata hatimi. A bakin ƙofa lauya ta haɗa ni da masinjan kotu, wani mai kakin da ya koɗe da jakar fata a hammata. Ya ce yana da sammaci biyu da zai kai, ƙarfe huɗu zai same ni mu je tare in nuna masa Baffa da siton. Muka yi musayar lamba.

Lauya ta riƙe min hannu. “Ki saurare ni. Takardar nan ba ta da haƙori sai ta shiga hannunsa. Daga nan zuwa ƙarfe huɗu kar ki gaya wa kowa. Ko saurayinki, ko ƙawarki, ko madubin ɗakinki.”

Na ce to. Kuma ban gaya wa Mai Tawada ba, ban gaya wa Metiron ba. Amma ku gaya min, wace ’ya ce za ta shiga gida da irin wannan abu a ciki, uwarta ta dube ta ta ce “Me aka yi?”, ta ce ba komai? Ni dai ban iya ba. Ban taɓa ɗaukar Umma cikin “kowa” ba.

Tana tsintar shinkafa a faranti lokacin da na gaya mata. Ta ajiye farantin. Ta leƙa ta taga wajen ɓangaren Baffa, inda aka shimfiɗa sabon kafet, aka jera kujeru, matarsa tana ta kai-kawo da kwanuka.

“Yau ƙarfe huɗu?” ta ce. “Kin manta yau surukan ’yarsa za su zo gaisuwa? A gaban surukai za a miƙa masa takardar kotu? Daga hannun ’yar yayansa?”

“Umma, lauya ta ce…”

“Lauya ce ta haife ki?” Ba ta ɗaga murya ba, Umma ba ta iya ba. Ta kama gefen mayafina. “Ban hana ki ba. Kin je, kin samu, shi ke nan. Kwana ɗaya kawai nake roƙo. Ki bari mutanen nan su tafi da mutuncinsa. Gobe da safe a kai masa a sito, ba a gida ba, ba a gaban yaransa ba. Tun da ubanki ya rasu ban taɓa roƙonki komai ba.”

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Matar da ta sayar da ’yan kunnenta ranar da zan tafi makaranta ba ta gaya min ba sai bayan shekara uku. Hawaye na bin kumatunta tana sharewa da bayan hannu, ƙwayar shinkafa manne a yatsanta. Na lissafa a raina, ’yan sari sai ƙarshen wata, sito a kulle, me kwana ɗaya zai canza? Na kira masinja na ce ya bari sai gobe ƙarfe takwas. Ya ce, “Lauyarki ta sani?” Na ce ta sani. Ƙaryar da na yi ke nan, kuma ita nake biya.

Surukai suka zo, suka ci, suka sha shayi. Na ji dariyar Baffa daga ɗakina. Na lura bai daɗe da su ba, kafin la’asar ta yi sanyi ya raka su ya shiga mota ya fita, amma ban kawo komai a raina ba. Har daɗi na ji, wai na yi abin da ya dace, na samu haƙƙina ban tozarta kowa ba.

Juma’a ƙarfe takwas saura muna bakin siton, ni da masinja. Dogon gini ne na kwano a bayan wani gidan mai. Ƙofar a buɗe take, maigadi yana shara. Na leƙa ciki. Babu komai. Sai alamar gindin katan a kan siminti, layi-layi har bango, da guntayen igiya, da kwalba ɗaya da ta fashe a kusurwa, rabin fuskata mai fari tana kallon rufi.

“Ina kayan?” na tambayi maigadi.

“Ai tun jiya bayan la’asar. Motoci uku. Alhaji da kansa ya tsaya aka loda, ya ce ’yan sari sun matsa.”

“Ina aka kai?”

“Kasuwanni mana, hajiya. Wasu ma na garuruwa ne.”

Muna tsaye motar Baffa ta shigo. Ya fito da sabuwar riga ruwan madara, yana ƙamshin turare. Masinja ya gabatar da kansa ya karanta masa umarnin. Baffa ya karɓi takardar da hannu biyu, ya sa tabarau, ya karanta, ya nemi biro ya sa hannu a kan bonet ɗin motarsa.

“Kotu uwa ce,” ya ce wa masinja. “Ka shaida, daga wannan minti ban ƙara fitar da ko kwalba ɗaya ba.” Sannan ya juyo gare ni, fuskarsa ba fushi ba murmushi. “Kin karya kuwa? Kin rame.”

Na koma bayan ginin na kira lauya. Na gaya mata komai, har ƙaryar da na yi wa masinja.

“Wa kika gaya wa?”

“Umma kawai. Amma ita roƙo ta yi don surukai, ba za ta…”

“Ban tambaye ki halinta ba.” Na ji tana jan numfashi. “Ga inda muke. Umarnin ya hana shi fitar da abin da ke hannunsa, yanzu ba komai a hannunsa. ’Yan sarin ba sa cikin ƙarar, sai mun nemo su ɗaya-ɗaya mun ƙara sunansu, kafin nan sha takwas ga wata ta wuce. Hanya ɗaya ta rage. Idan muka nuna cewa ya san an ba da umarnin kafin ya loda, ko da takarda ba ta kai gare shi ba, wannan raina kotu ne. Alƙali zai iya tilasta masa ya dawo da kayan da kansa, shi ya san inda ya kai su. Amma ina son hujja, ba zato ba. Kuma duk wanda ya gaya masa, sai ya tsaya a kotu ya rantse shi ya gaya masa. Ki samo min kafin Litinin, kowace rana kwalaben nan suna ƙara nisa.”

Ina cikin motar haya ta komawa gida saƙon Mai Tawada ya shigo.

“Baffa ya kira babana yanzu. Wai su zo ranar Lahadi a sa rana.”

Na kalli saƙon. Shekara biyu ina jiran wannan layin.

“Ya ce da sharaɗin a janye ƙara. Wai kaya sun riga sun fita, rigimar me ta rage.”

“Gidanmu kowa murna yake. Ni ban ce komai ba.”

“Me zan ce musu? Duk abin da kika ce shi zan yi.”

Na kife wayar a cinyata. Ta tagar mota ina kallon shagunan kayan kwalliya, ina jin kamar kowace mace da ta shiga ni za ta fito da ni a jaka. Na tuna yadda fata take biyo bandeji in ta saɓule, da irin numfashin da mutum yake ja don kar ya yi ihu. Yanzu za su riƙa zuwa, ni zan wanke su, kuma kowacce za ta gane ni.

Na tarar da Umma a falo tana goge min unifom, ta shimfiɗa bargo a kan tebur, ta yayyafa ruwa. Ba ta ɗago ba.

“An kai?” ta ce.

“An kai. Siton ba komai.”

“Ikon Allah,” ta ce, ta juya hannun rigar ta ci gaba da guga.

Na shige ɗakina na zauna bakin gado. Wayarta tana kan durowata a jikin caji, don soket ɗin ɗakinta ya lalace. Umma ba ta iya rubutu a waya ba, sai saƙon murya, kuma ba ta san ana gogewa ba. Wallahi na daɗe ina kallon wayar. A raina ina cewa wataƙila roƙonsa ta je yi, wataƙila ta ce ya ji tsoron Allah ya cire hoton da kansa, shi kuma ya gane. Na ɗauka na buɗe don in wanke ta.

Saƙon yana nan, jiya ƙarfe biyu da kwata. Lokacin ina banɗaki ina alwala. Na rage murya na kara a kunne.

“Alhaji, takardar ta fito. Na sa ta dakata zuwa safe. Ka san yadda za ka yi da kayanka kafin nan. Don Allah kar ka ce ni na faɗa.” Ana jin ƙarar famfo a bayanta. “Ka dai tuna ba mu da inda za mu je.”

A ƙasa amsar Baffa, daƙiƙa uku: “Na ji. Allah ya yi albarka.”

Na saurara sau biyu. Ban yi kuka ba. Ba don surukai ta roƙe ni ba. Ta kama mayafina, ta yi hawaye na gaske, kuma tun a lokacin ta san abin da za ta yi da kwana ɗayan. Na so in tsane ta, amma layin ƙarshen nan ya hana ni. Shekara goma sha ɗaya tana gaishe da matar Baffa da safe kafin ita ta gaishe ta, tana rage muryar rediyo, tana shanya a inda ba za a gani ba. Ni ina fita aiki, ita take wuni a gidan.

Na danna saƙonnin biyu, na zaɓi turawa, na rubuta lambar lauya. Yatsana yana kan alamar aikawa aka ɗaga labule. Umma ce, unifom ɗina a kan hannunta, a goge sumul. Ta kalli wayar, ta kalli fuskata. Ba ta tambayi komai ba, ba ta kuma yi musu ba.

“Mata nawa za su ƙone, Umma?” na ce.

“Ban sani ba,” ta ce. “Ni ke na sani, da rufin da ke kanki.”

“In na tura, sai kin tsaya gaban alƙali kin ce muryarki ce.”

“Na sani.”

“Kuma auren ya tafi.”

“Shi ma na sani.” Ta jingina da ƙofa, na ga kamar ta ƙara tsufa tun safe. “Ba zan ƙara roƙonki ba. Na riga na kashe roƙona jiya.”

Na jira ta ƙwace wayar, ko ta yi min baki, ko ta kira sunan mahaifina. Da ta yi ɗaya daga ciki da ya fi min sauƙi. Tsayawa kawai ta yi tana kallona da idon da take kallona in zazzaɓi ya kama ni.

Na danna. Alamar ta yi ɗaya, ta yi biyu, ta koma shuɗiya.

Umma ta rataye unifom ɗin a ƙusan bayan ƙofa, ta gyara masa wuya. Sannan ta jawo kujera ta taka, ta sauko da babban akwatinmu daga saman kabad, ta kaɗe ƙurar da gefen zaninta, ta buɗe shi a tsakiyar ɗaki.

“Naki zan fara haɗawa,” ta ce, “ko nawa?”